Ja da Kore a Idon Malam Sani

Daren Laraba, Illela

Littafina, ka gafarce ni, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Sati biyu ina koyon sa wa shirina launi a baƙin allon kwamfutar makaranta: in fayil ya kwafu, layi ya fito kore, in ya ƙi, ja. Yau Malam Sani ya duba ya ce, “Mi kinka sauya? Duk iri ɗaya ne.” Aji ya kwashe da dariya. Ashe idonsa ba ya raba ja da kore. Bai sake ɗaga kai ba.

Ni na tona masa asiri.

Gobe zan rubuta “ya yi” da “ya ƙi” gefen kowane launi, in kai masa. In na kasa buɗe baki, ka yarda in dawo wurinka?