Giya ta Biyu a Hawan Kagoro

Litinin, 1 ga Nuwamba, 1976

Ɗana Gregory ya tada motar babansa yau, wata bakwai bayan rasuwar mijina Kambai. Ina kicin na ji ƙararta, na zauna kan turmi sai da ya kashe. Wai citta zai riƙa ɗaukowa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. Motar daji ce, tsohuwar mishan, ba inda ba ta shiga. Halinta ɗaya: in ta kama hawa da kaya, giya ta biyu sai ta fice, mota ta soma komawa baya. Dole wani ya danne sandar giyar har a kai sama. Shekara goma sha biyu aikina ke nan.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Ya ce zai kai ta gareji a buɗe giyabos. Na ce ba a taɓa ta ina raye. Ya juya ya fita kamar yadda ubansa ke yi, abin ba da haushi.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Bayan sujada na tuna surutun matan zumunta a da. Mace a gaban mota kusa da miji, kamar Baturiya! Uwar Kambai har ƙarata ta kai wurin dattawan coci. Kambai kuwa amsarsa ɗaya, motar ba ta hawa sai da ni. Haka na ga Kwoi, na ga Zonkwa, har Jos. Na yi kewarsa yau ƙwarai.

Talata, 9 ga Nuwamba

Giyar ta fice masa a hawan Kagoro, shi kaɗai, da buhu goma sha biyu. Motar ta koma baya sai da bishiyar ɗorawa ta tare ta. Goshinsa ya fashe. Hellen matarsa, da cikinta wata takwas, ba ta ce min komai ba. Gara ma ta zage ni.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Na je wurin Silvanus bakanike da ƙafata, in ji ko abin na gyaruwa ne. Ya yi ta goge hannu da tsumma kafin ya yi magana. Wai wani ɗan ƙarfe ne ya cinye a ciki, aikin wuni ɗaya, kuma ya faɗa wa Kambai haka tun kafin yaƙin basasa.

"Maman Gregory, shi ne ya hana. Ya ce in na gyara, wane dalili zai ba mamanshi na tafiya da ke?"

Kambai, tsohon banza. Shekara goma sha biyu kafaɗata na ciwo. Na yi dariya a gaban mutane, kukan sai da na zo gida.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Na aika wa Silvanus makullin motar.

Asabar, 20 ga Nuwamba

Gregory ya nace in raka shi gwaji. Da muka kama hawan hannuna ya tafi kan sandar giya da kansa, ya ce, "Mama, bari." Na bari. Ta haye ba gardama, kamar ba ta taɓa sanina ba.

Ban ce na ji daɗi ba. Na rasa inda zan sa hannun, sai na juya wajen taga. Ashe akwai ƙauye a ƙasan hawan nan, da ɗan coci mai jan rufi, da mata suna shanya acca kan dutse. Na ce ya rage gudu in gani.