Taurarin da Kalilu Ya Kira

Argungu, Asabar

Yaya Rauda,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya Gwadangaji, ya boko?

Lokacin da kika duba mini a waya, na wucewar taurarin ɗan'adam, ya yi daidai. Sai dai na yi ɓarna da shi. Laraba bayan magariba, a dakalin masallaci, na ce wa su Baba Labbo mai shinkafa zan kira taurari su yi sahu. Anka yi dariya. Na dubi yamma na yi fito, sai ga su jere kamar tasbaha, suna tafiya ba ƙara. Na ce, "Tsoho, na gaban nan naka ne, ya zo ɗaukarka." Wasan jika ne wallahi.

Tun ranar yake kwance da zazzaɓi, yana kiran sunana. 'Ya'yansa sun ce na kama kurwarsa. Sunka karɓe wayata, wai da ita nake kira, shi ya sa na ba direba takarda. Suna so in tsallake shi kamar yadda ake sa maye ya saki mutum. Inna ko rijiya ba ta iya zuwa.

Mi zan yi?

Ƙaninki, Kalilu

Birnin Kebbi, Litinin

Kalilu,

Amin wa alaikumus salam. Na karanta. Faɗa sai na zo.

Kada ka tsallake shi, yin hakan amsa laifi ne. Taurarin za su sake wucewa Alhamis, bakwai da rabi na dare, daga yamma. Kai wa Liman takardar nan, shi ya sanar da bakinsa, kai kuma ka zauna a ɗaki. Idan suka fito ba kiranka, magana ta ƙare. A roƙi 'ya'yan Baba su kai shi asibiti, damina ce, lokacin zazzaɓin sauro.

Ka gaishe da Inna. Allah ya tsare.

Yayarka, Rauda

Argungu, Juma'a

Yaya,

Sallama. Liman ya sanar, unguwa duka ta fito. Hadari ya haɗo tun la'asar, ko tauraro ɗaya ba a gani ba. Sunka ce don na ɓoye ne taurarin sunka ƙi zuwa.

Maganar asibiti kuwa, 'ya'yan Baba sun ce sai na tsallake shi tukuna. Gobe da hantsi ne.

Liman ya ce in yi ta addu'a. Na ɗaga hannu na rasa abin roƙo. In Baba ya tashi, a ce ni na sake shi. In bai tashi ba, ni na riƙe shi.

Ki shigo motar farko.

Kalilu