Kiyashi a Akwatin Sarewa

Zuwa ga Yaya Ja'afar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da Yaya Ramlat da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Safiyar Talata na ga kiyashi sun ja layi daga bakin ƙofa har cikin akwatin kilarinet ɗinka, sarewar badujalar da ka bar mini amana in riƙa koyo. Da na buɗe, sai warin man gyaɗa. 'Yan fatun nan da ke toshe ramuka duk sun jiƙe sun kumbura, wasu kuma kiyashi sun cinye su. Ashe ranar da nake gona Kawu Dabo ya ɗauka, wai ƙarar maɓallanta ta dame shi, fata kuma mai take so, kamar takalmi, sai ya shafe ta da man gyaɗa. Bai tsaya nan ba, ya kai wa wani baduku a Ɗambatta, ya manna robar silifa a ƙarƙashin maɓallan. Ƙarar ta mutu kam, amma maɓallan ba sa tashi, in rana ta yi zafi robar sai danƙo. In ka busa, iska ce kawai ke fita.

Ni da na lura da wannan ƙarar tun bara, ban yi gaggawa ba. Na gwada fatar akuya, ta yi kauri. Na yanko gefen tsohuwar hular dara siriri, na ga ita ke kashe ƙara ba ta danne maɓalli, ina jira in tambaye ka kafin in manna.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Kawu ya riga ni buga maka waya cewa ni na lalata, har ka ce a karɓe ta daga hannuna. Babba ne, ban iya musa masa a gaban jama'a ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka aiko fatun na ainihi, ka bar mini ita, zan gyara.

Gaishe da Yaya Ramlat da ɗanka Ikrima. In kuwa kana shakkar maganata, kira ƙanwarmu Barira, a hannunta Kawu ya karɓi man. Muntaka ɗan acaɓa kuma shi ya goya shi a babur zuwa Ɗambatta.

Ƙaninka,
Dallatu