A Rubuta Sunana a Katin Maganinki

Mapalo, ruwan farkon damina a kan jar ƙasar Kitwe, inuwar mangwaro da tsakar rana, ke da muryarki ke kwance min ƙirji.

Kin san mai rubuto miki. Kapembwa ne, wanda ya bar sakandare a aji biyu da wando ɗaya. Shekara goma sha huɗu na yi ina fasa dutse a ramin tagulla. Na fito na sayi injin buga bulo, babu kawu, babu ubangida. Motocin yashi biyu nawa ne. Gidan da nake jiran ki shiga, ni na aza kowane bulo nasa. Ban taɓa roƙon ɗan Adam ba sai yau, kuma ke kika jawo min.

Ranar Asabar kin aike ni ɗauko gishiri a kabad. Na ga kwanonin nan biyu, ɗaya kife kan ɗaya, waɗanda wakilina ya kai wa danginki ranar neman aurenki. Daɗi ya kama ni cewa kin adana su, na ɗaga na saman. Me na gani, hasken idona? Ƙwayoyin maganin tarin fukarki, jajaye, a tare kamar wake. Maganin kwana ashirin da uku ke nan. A cikin kwanona! Kika ɗaga murya daga murhu kina cewa, "Mai bulo, gishirin ne ya gudu?" Na rufe, na zauna na ci tuwonki da busasshen kifi. Da na yi magana, da maƙwabta sun taru.

Amma katin asibiti cike yake tsaf, kowace rana da alamarta. Yayanki Kangwa, wanda aka rubuta a matsayin mai ganin kin haɗiye, yana zama ranar Lahadi bayan coci ya cike mako guda a zama ɗaya. Da na tare shi, har da dariya: "Haba suruki, ai ta warke, dubi kumatunta." Kumatu ne ke numfashi? Shi ne fa aka fifita a kaina, ranar da nas ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, kai mene ne nata? Sai na cikin gida." Kika sunkuyar da kai, kika bar ni tsaye kamar mai tallar gawayi.

Ni na san abin da kike wasa da shi. Likita ya sa na busa cikin bututu, ya nuna min hoton ƙirjina. Ya ce huhu mai lafiya kamar sabon balan-balan yake, iska kaɗan ke buɗe shi. Nawa ƙurar dutse ta mayar da shi busasshiyar fata, sai na ja da ƙarfi kafin ya motsa. Babu ƙwayar da za ta dawo min da shi. Ke kuwa naki yana da magani, wata shida, kyauta, kika sha na wata biyu kika ji sauƙi kika ajiye. Na sani yana tayar miki da zuciya, yana rina miki fitsari, gwiwoyinki na ciwo. To sai me? Ba a gabana nas ta ce miki ciwon nan kwanciya yake yi kamar kada a kogin Kafue, in ya sake tashi waɗannan ƙwayoyin ba za su taɓa shi ba?

Kin tuna ranar da muka hau tudun bakin kogi? Numfashina ya tsaya a rabin hanya. Kika tsaya kina gyara zane, sau uku, zanen da babu abin da ya same shi, don kada in ji kunya. A ranar na ce wannan ce za ta riƙa numfashi a madadina in nawa ya gaza. Yanzu so kike mu zauna mu biyu a gida mai ɗaki biyar muna haki, babu mai ɗauko wa wani ruwa?

Ga abin da na yanke, furen zuciyata. Kullum ƙarfe shida zan tsaya a ƙofarki da ruwa a kofi, sai na ga kin haɗiye kin buɗe baki, sannan injin bulo ya tashi. Ki tsane ni wata shida, na yarda.

Litinin da safe zan zo da mota. Ki ɗauko kwanon nan yadda yake, mu ajiye shi gaban nas, ki faɗa mata gaskiya. A soke sunan Kangwa. A rubuta nawa cikakke, da manyan baƙaƙe: Kapembwa Simfukwe. In ta sake tambayar mene ne ni a wurinki, wannan karon ke za ki amsa.

Naki, muddin wannan busasshen ƙirjin na jan iska,
Kapembwa