Wayar da ta koma inda ta fito

Talata da dare, Zango

Ilmi dai abin sha'awa ne. Injiniyoyi har biyu na kawo shagona su tada sarbar, na'urar da za ta riƙe sunayen manoman Hamdara, don na yi wa shugaban ƙungiyarsu alkawari gobe zai gan ta tana aiki. Tun hantsi ta ƙi kamawa, su kuwa suka zauna musu.

Bukar ya ce, "Kai Sani, tsarin nan naka in ya dawo inda ya faro ba ya ganewa, sai ya yi ta zagaye kamar akuya a turke."

Sani ya ce, "Kai da jera sunaye ke cin maka wuni guda?"

Da la'asar na duƙa neman takalmina, sai na ga wayar batirin ajiye wuta ta shiga ralanj, wato soket mai doguwar waya, wayar ralanj ɗin kuma ta dawo cikin batirin. Ba wadda ta kai bango. Na zare ɗaya na soka a bango. Fitilar na'urar ta yi kore.

"Ka gani, Alhaji? Gyarana ne," in ji Bukar. Sani ya rantse nasa ne. Na ce Allah ya ƙara basira.

Jibi za su dawo su koya wa na'ura gane zagaye. To su wa zai koya musu duƙawa?