Taswirar da Ilu Ya Naɗe

Daren Lahadi, Highbridge

Yau bakina ya yi ɓarna. Wata uku ke nan Ilu, taubashina, ya kafa taswira a bangon ɗakinmu, yana zaɓen inda zai je nutso ya ga jiragen da suka nitse. Ya ce ba teku zai je ba, don ruwan daɗi mai sanyi ba ya cin katako, jirgi sai ya daɗe yana nan yadda ya kwanta. Kullum zuciyarsa tana kai-kawo tsakanin Tafkin Huron da kogin St. Lawrence. Wai na farko ya fi jirage, na biyu ya fi kusa, kuma sanyinsa da sauƙi.

Da la'asar yana waya da mahaifiyarsa da ke can gida, na fizge wayar. "Gwaggo, ɗanki ya gaji da tuƙin tasi, zai bi jirgi ƙarƙashin ruwa ya gaida 'yan ruwa!"

Na zaci za ta yi dariya. Wallahi sai lokacin na tuna babansa, da kwale-kwalen da ya kife da shi a Yauri, ko gawa ba a gani ba.

"Ba ni Iliyasu," ta ce. Na miƙa masa wayar, ina jiyo muryarta cikin kuka. "In ka shiga ruwan nan, ban yafe ba."

Ilu bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya cire taswirar, ya naɗe, ya ce, "To sarkin wasa, ka zaɓar mini."

Bayan asuba zan kira Gwaggo, ban ma san me zan ce mata ba. Ga ramukan ƙusa huɗu can a bango, na kasa daina kallonsu.