Mandolin Ɗin Dewey

Whitesburg, Kentucky
Afrilu, 1974

Zuwa ga Yaya Opal,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yaran. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kada ki yi mini dariya. Na sauko da mandolin ɗin ɗana Dewey, ƙaramar garayar nan tasa, daga saman kabad. Tun da ramin kwal ya rufta da yaron nan ba wanda ya taɓa shi. Ina so ranar gyaran kaburburan dangi in kaɗa "Saukar Alfadari" a kan kabarinsa, kiɗan da suka ƙirƙira shi da ubansa. Na roƙi uban nasa, maigidana Hobart, ya koya mini, ya raka ni da banjo, molon nan nasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to.

Kullum bayan cin abinci muna zama a baranda. Idan na kuskure sai ya buge mini yatsu da cokali, ya ce hannuna na kwaɓa burodin masara ne, ba na tsirkiya ba. Ina haƙuri. Rabon da ya zauna kusa da ni haka tun ranar jana'iza.

Ki gaida Lonnie.

Ƙanwarki,
Verna

Yuni, 1974

Yaya Opal,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, gara da ba ki zo ba.

Dangi sun cika tudun maƙabartar, an share kaburbura, an sa furanni, an ci soyayyar kaza. Muka tsaya a kan Dewey, ni da Hobart. Farkon kiɗan ya tafi daidai, har na ga Inna Zelma tana share ido. Da muka zo inda mandolin ke shiga shi kaɗai, sai Hobart ya ƙara sauri. Na bi shi, ya ƙara. Yana kallon cikin idona yana yi. Yatsuna suka sarƙe, na tsaya.

Ya ɗora tafinsa a kan banjon, ya ce yadda kowa zai ji: "Ajiye, Verna. Wanda ke kwance a ƙasan nan, ko yanzu aka tono shi ya fi ki hannu."

Wasu suka yi dariya don ba su san abin da za su yi ba. Ni na kwashe kwanuka.

A mota na tambaye shi me ya sa ya yarda ya koya mini tun farko. Ya ce don in ji da kunnena cewa ba zan iya ba, in daina damunsa.

Taki,
Verna

Agusta, 1974

Yayata,

Na sami wasiƙarki, na gode. Ina fata zafin Dayton bai takura muku ba. Ɗakin da kika ce in zo in zauna, ki bar shi tukuna.

Hobart ya ba da mandolin ɗin. Wani saurayi, Arlis Caudill, da ya shiga ƙungiyarsu ta makaɗa ya ba wa, ko shawara bai yi da ni ba. Ranar Asabar na je kanti sayen gishiri, na tarar da su a bakin ƙofa suna kaɗa kiɗan Dewey. Hobart yana dariya, yana dafa kafaɗar Arlis, yana ce masa "ɗana".

Da yamma na zuba masa wake, na zauna, na bari ya kai loma baki. Sannan na ce masa, a hankali, ko ya san abin da ya kai Dewey aikin rami alhali ana neman sa kiɗa har Nashville, birnin manyan makaɗa. Na ce yaron ya faɗa mini da bakinsa, ya gwammace duhun ƙasa da ya sake tsayawa gefen ubansa da kayan kiɗa.

Ya ce, "Shi ya faɗi haka?"

Na ce shi ya faɗa.

Ya ajiye cokali ya fita. Tun ranar banjon yana cikin akwatinsa. Arlis ya zo neman sa sau da yawa, ya ƙi fitowa. Ya rame, wandonsa har zamewa yake. Yana wuni a baranda yana kallon hanyar da ke hawa tudun.

Yaya, Dewey bai taɓa faɗar haka ba. Yaron nan yana son ubansa kamar me. Jiya Hobart ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce na tabbata, na tambaye shi ko in ƙara masa kofi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Verna